Haske a Goshi: Me Zai Tsinana wa Tsofaffi Masu Ciwon Hali Mai Fuska Biyu?

Gabatarwa

Daga cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka daɗe suna wahalar da ɗan Adam akwai wanda likitoci ke kira baifola, wato ciwon hali mai fuska biyu. Mai wannan ciwo yakan shiga wani yanayi na zumuɗi mai tsanani, inda barci kan ƙaurace masa, magana ta yi masa yawa, ya riƙa kashe dukiya ba lissafi, yana jin babu abin da ya fi ƙarfinsa a duniya. Bayan wani lokaci kuma sai ya faɗa cikin ƙunci mai nauyi, ya kasa tashi daga shimfiɗa, ya yanke ƙauna da rayuwa. Likitan Jamus Emil Kraepelin ne ya ware wannan ciwo daga sauran nau'o'in taɓin hankali a shekarar 1899, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutane wajen miliyan 40 ne ke fama da shi.

A 'yan shekarun nan an fara gwada wata hanya ta taimakon tsofaffin da ke da wannan ciwo, wato haska goshinsu da wani irin haske na musamman da nufin ƙarfafa tunaninsu. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, hanyar ta cancanci a ci gaba da bincike a kanta da gaske, domin buƙatar da ta haife ta ta gaskiya ce, kuma dalilin da aka gina ta a kai yana da tushe. Amma har yanzu ba ta kai matsayin da za a kira ta magani ba, balle a sayar wa iyalan majinyata da ita, balle kuma a ajiye maganin da aka riga aka tabbatar saboda ita.

Matsalar da ake neman warwarewa

Sau da yawa akan ɗauka cewa idan zumuɗi ya lafa, ƙunci kuma ya yaye, to majinyaci ya koma yadda yake. Binciken likitoci ya nuna ba haka abin yake ga kowa ba. Da yawa daga cikin masu ciwon, musamman waɗanda suka manyanta, sukan ci gaba da fama da raunin tunani ko da hankalinsu a kwance yake. Sukan manta abin da aka faɗa masu ɗazu, sukan kasa tattara hankali a kan aiki guda, sukan rikice idan aka ce su tsara al'amari mai matakai da yawa, kamar lissafin kuɗin cefane ko shirya tafiya. Wannan rauni ne yake raba tsoho da sana'arsa, ya mayar da shi abin jagora a cikin gidan da shi ya gina. Har ila yau shi ne yake sa ya manta shan maganinsa, rashin shan maganin kuma ya dawo da ciwon, dawowar ciwon ta ƙara raunana tunanin.

Saboda muhimmancin wannan al'amari, wani kwamiti na ƙungiyar masana ciwon baifola ta duniya ya ba da shawara a shekarar 2015 cewa a riƙa lissafa majinyaci cikin tsofaffi tun daga shekara 50, ba sai ya kai 60 ko 65 ba. Dalili kuwa shi ne masu wannan ciwo sukan riga tsararrakinsu gamuwa da cututtukan tsufa irin su hawan jini da ciwon sukari da ciwon zuciya, kuma a matsakaicin lissafi rayuwarsu takan gaza ta sauran jama'a da shekaru masu yawa.

Magungunan da ake da su an yi su ne domin daidaita hali. Babbansu shi ne litiyam, wanda likitan Ostiraliya John Cade ya bayyana amfaninsa a shekarar 1949, hukumar kula da magunguna ta Amurka kuma ta amince da shi a shekarar 1970. Litiyam yana hana ciwon dawowa, yana kuma rage haɗarin mutum ya kashe kansa. Sai dai babu wani magani da aka amince da shi musamman domin gyara raunin tunanin masu baifola. Bugu da ƙari, jikin tsoho ba ya ɗaukar ƙarin ƙwayoyi cikin sauƙi, domin ƙodarsa ta rage ƙarfi, kuma galibi yana shan wasu magungunan na daban. Don haka duk wata hanya da ba ta bi ta ciki ba, ba ta kuma taɓa ƙoda ko hanta ba, dole ta ja hankalin likita da majinyaci baki ɗaya.

Asalin warkarwa da haske

Amfani da haske a asibiti ba sabon abu ba ne. A shekarar 1903 likita Niels Finsen na ƙasar Danmak ya sami lambar yabo ta Nobel saboda warkar da tarin fuka na fata da haske. Bayan an ƙera na'urar leza a shekarar 1960, wani likitan tiyata na Hangari mai suna Endre Mester ya yi gwaji a shekarar 1967 a kan ɓeraye da aka aske wa gashin baya, yana neman sanin tasirin leza game da ciwon daji. Abin da ya gani shi ne gashin ɓerayen da aka haska da leza marar ƙarfi ya riga na sauran tsirowa. Daga nan aka fahimci cewa haske marar zafi yana iya sauya aikin ƙwayoyin halittar jiki ba tare da ya ƙona su ba.

Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne kamar haka. A cikin ƙwayoyin halittar jiki akwai wasu 'yan sassa da ake kira mitokondiriya, waɗanda aikinsu ya yi kama da na murhu: su ne suke haɗa abinci da iskar oksijin su samar da ƙarfin da jiki ke aiki da shi. A cikinsu akwai wani sinadari mai suna saitokurom oksides wanda yake shan jan haske da kuma hasken da ke gaba da ja, wanda ido ba ya gani, wato infared. Idan ya sha hasken, ana ganin aikinsa yana ƙaruwa, jini mai ɗauke da oksijin kuma ya ƙara kwarara zuwa wurin. Tsawon zangon hasken da ake amfani da shi yakan kama daga nanomita 600 zuwa 1100, an kuma fi yawan gwada 810 da 1064.

Dangantakar wannan da ƙwaƙwalwa a fili take. Nauyin ƙwaƙwalwa bai wuce kashi 2 cikin ɗari na nauyin jiki ba, amma tana cin kusan kashi 20 cikin ɗari na ƙarfin da jiki ke samarwa. Tun wajen shekarar 2000 masanin Japan Tadafumi Kato ya kawo hujjoji cewa akwai tangarɗa a aikin mitokondiriya a ƙwaƙwalwar masu baifola, tsufa kuma yana ƙara rage ƙarfin waɗannan sassa. Sashen ƙwaƙwalwar da ke kula da tsara al'amura da kame kai yana bayan goshi ne, inda babu gashin da zai tare haske. Ke nan tunanin haska goshi ba shaci-faɗi ba ne.

Ya kamata a bambanta wannan hanya da wata da ake yawan haɗa su. Akwai warkarwa da farin haske mai ƙarfi wanda yake shiga ta ido, ya gyara agogon barci da farkawa na jiki. Norman Rosenthal da abokan aikinsa ne suka bayyana ta a Amurka a shekarar 1984 domin ƙuncin da ke kama mutane a lokacin hunturu. A shekarar 2018 Dorothy Sit da abokan aikinta sun buga sakamakon gwaji a kan masu baifola 46 da ke cikin ƙunci, inda kashi 68 cikin ɗari na waɗanda suka zauna gaban haske mai ƙarfi da tsakar rana suka sami sauƙi, alhali kashi 22 ne kawai suka samu a cikin waɗanda aka ba haske mai rauni. Wannan hanya ta ido ce, kuma ƙunci take magancewa. Hujjarta ba ta zama hujjar haska goshi domin tunani ba.

Abin da gwaje-gwaje suka nuna

A shekarar 2009 Fredric Schiffer da abokan aikinsa a yankin Boston sun haska goshin mutum 10 masu fama da ƙunci na 'yan mintoci, suka ba da rahoton samun sauƙi bayan mako biyu. A shekarar 2013 Douglas Barrett da Francisco Gonzalez-Lima na Jami'ar Teksas da ke Ostin sun gwada leza mai nanomita 1064 a gefen dama na goshin matasa 40 masu lafiya, rabi aka haska su da gaske, rabi kuma aka yi masu na bogi. Waɗanda aka haska da gaske sun fi saurin amsawa a jarrabawar mayar da hankali da ta tuna abu. Masu binciken na Teksas ne kuma suka juya ga tsofaffi masu baifola. A shekarar 2022 sun buga gwajin farko a kan majinyata da ba su kai goma ba, suka ce an ga ci gaba a wasu jarrabawowin tunani. A shekarar 2023 sun buga wani a kan mutanen da ba su kai ashirin ba, inda suka auna suka ga aikin sinadarin nan da yawan oksijin a bayan goshi sun ƙaru bayan an haska.

Waɗannan sakamako abin ƙarfafa gwiwa ne, kuma masu binciken kansu sun kira aikinsu matakin farko. Amma akwai tazara mai faɗi tsakanin abin da aka nuna da abin da iyalin majinyaci ke nema. Ƙaruwar oksijin a bayan goshi awo ne na ɗakin gwaji. Saurin danna maɓalli a jarrabawar kwamfuta shi ma awo ne. Abin da ɗiyar tsoho take son sani shi ne ko mahaifinta zai riƙa tuna shan maganinsa, ko zai iya riƙe lissafin shagonsa, ko kuma amfanin zai kai shekara. Gwaji a kan mutum goma ko ashirin na 'yan makonni ba ya amsa waɗannan tambayoyi. Ban da haka, duk wanda ya maimaita jarrabawa ɗaya sau da yawa yakan ƙware a kanta ko ba a yi masa komai ba, kuma majinyacin da ake kula da shi kowane mako, ana tarairayarsa, yakan ji daɗin jikinsa saboda kulawar kaɗai.

Darasi daga masu shanyewar jiki

Hausawa kan ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsunsa. Tarihin wannan fanni da kansa ya gaskata maganar. An taɓa gwada hasken leza mai nanomita 808 a kan kawunan mutanen da shanyewar ɓarin jiki ta kama, cikin awa 24 da faruwar abin. Gwajin farko, wanda aka buga a shekarar 2007 a kan mutum 120, ya nuna amfani ƙarara, aka yi ta murna. Gwaji na biyu a shekarar 2009 a kan mutum 660 bai nuna bambancin da za a dogara da shi ba. Na uku, wanda aka tsara zai ɗauki mutum 1000, sai aka dakatar da shi a tsakiya bayan an duba sakamakon mutum fiye da 500 aka ga babu wani bambanci tsakanin waɗanda aka haska da waɗanda aka yi wa na bogi. An buga wannan a shekarar 2014. Haka nan a fannin ƙunci, wani gwaji da aka gudanar a cibiyoyi fiye da ɗaya a Amurka, aka buga a shekarar 2022, ya nuna cewa haske marar ƙarfi sosai bai fi na bogi ba.

Wannan bai nuna cewa haske ba ya aiki kwata-kwata ba. A wasu wurare an tabbatar da amfaninsa, alal misali wajen kare bakin masu ciwon daji daga gyambon da jinyar ke jawowa, har ƙungiyoyin likitocin fannin suka sa shi cikin ƙa'idojinsu a shekarar 2019. Sai dai baki a buɗe yake, haske yana isa gare shi kai tsaye. Ƙwaƙwalwa kuwa tana bayan fata da ƙashi da ruwa, kuma ɗan kashi kaɗan ne cikin ɗari na hasken da aka haska yake ratsawa ya isa samanta. Sassanta na can ciki ba ya kai masu. Sannan an lura cewa idan hasken ya yi kaɗan ba ya yin komai, idan kuma ya wuce kima amfanin yakan ragu. Har yanzu masana ba su daidaita a kan tsawon zango ɗaya, ko yawan mintoci, ko yawan zama a mako ba.

Akwai wani batu da ya shafi baƙar fata musamman. Sinadarin da ke ba fata duhu, wato melanin, yana shan haske, don haka adadin da zai ratsa goshin mutum mai duhun fata, da kuma ɗumin da fatarsa za ta ji, ba lallai su zama daidai da na mai farar fata ba. An riga an ga irin wannan a wata na'urar. A shekarar 2020 masu bincike a Jami'ar Mishigan sun nuna cewa na'urar auna oksijin da ake maƙalawa a yatsa, wadda ita ma da haske take aiki, ta fi yawan kuskure a kan baƙaƙen fata, tana nuna lafiya alhali oksijin ya yi ƙasa. Duk ƙa'idar haske da aka tsara a kan wasu jama'a, wajibi ne a sake auna ta kafin a ɗora ta a kan wasu.

Hujjar masu cewa a bari a gwada

Wani zai ce, tun da hasken ba ya cutarwa, kuma babu wani maganin raunin tunani, me zai hana a bar tsoho ya gwada? Wannan hujja tana da nauyi, domin gaskiya ne cewa illolin da aka gani a gwaje-gwaje ba su da tsanani, galibi ciwon kai ne ko ɗumin fata ko tangarɗar barci. Amma akwai amsoshi uku.

Na farko, tangarɗar barci ba ƙaramin abu ba ce ga mai baifola, domin rashin barci yana daga cikin manyan abubuwan da ke tayar da zumuɗi. An san cewa magungunan ƙunci da farin haske na ido suna iya juya majinyaci zuwa zumuɗi, shi ya sa ake ba da su tare da maganin daidaita hali. Gwaje-gwajen haska goshi an yi su ne a kan mutanen da hankalinsu ke kwance, suna shan magani, likita na duba su, an kuma rufe masu ido da tabarau na kariya saboda leza tana iya lalata gani. Adadin waɗanda aka gwada bai isa ya bayyana haɗarin da kan faru jefi-jefi ba.

Na biyu, kasuwa ta riga ilimi gaba. Ana tallar huluna da fitilu iri-iri ta intanet da sunan ƙara kaifin ƙwaƙwalwa, wasu da tsada mai yawa, kuma ƙarfin haskensu da tsawon zangonsa ba lallai su yi daidai da na na'urorin ɗakin bincike ba. Mai saye ba shi da hanyar aunawa, cinikin biri a sama ke nan. Wanda ruwa ya ci, in ji masu iya magana, ko takobi aka miƙa masa zai kama, kuma iyalin da suka ga tsohonsu yana rikicewa suna cikin wannan hali. Kuɗin da za a kashe a kan hula shi ne kuɗin gwajin jini da na mota zuwa asibiti na watanni da yawa.

Na uku, kuma shi ne mafi haɗari, shi ne a saki reshe a kama ganye. Majinyata da yawa sun gaji da shan ƙwayoyi, idan suka ji an sami hanya marar ƙwaya sai su ajiye maganinsu. Dakatar da litiyam farat ɗaya yana dawo da zumuɗi cikin ɗan lokaci ga mutane da yawa, yana kuma ƙara haɗarin kashe kai. Babu ko ɗaya daga cikin masu binciken haske da ya gwada shi a matsayin madadin maganin daidaita hali.

Abin da ya kamata a yi yanzu

Rashin tabbataccen magani ba ya nufin a naɗe hannu. Idan tsoho mai baifola ya fara mantuwa, akwai abubuwan da likita zai duba waɗanda ake iya gyarawa. Litiyam kansa yana iya yin yawa a jinin tsoho ya rikita shi, musamman idan yana shan magungunan ciwon gaɓoɓi irin su ibufurofen da daikulofenak, ko wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari, ko kuma idan ruwan jikinsa ya ragu a lokacin zafi. Yana kuma iya rage aikin tayirod, wato ƙullin da ke gaban wuya, abin da kan kawo nauyin tunani. Gwajin jini yana gano waɗannan duka. Magungunan barci da ake sha ba bisa ƙa'ida ba su ma suna dusashe tunani. Kwamitin mujallar Lancet ya lissafa a shekarar 2024 abubuwa 14 da ake iya sauyawa, waɗanda suke da hannu a kusan kashi 45 cikin ɗari na ciwon mantuwa, daga ciki akwai hawan jini da ciwon sukari da raunin ji da raunin gani da shan taba da rashin motsa jiki da kaɗaici. Haka kuma likitocin Basalona a ƙasar Sifen sun nuna a shekarar 2013 cewa horar da masu baifola dabarun tsara harkokin yau da kullum yana inganta yadda suke tafiyar da rayuwarsu.

A ƙasar Hausa akan fassara zumuɗin dattijo da shafar aljanu, mantuwarsa kuma da ruɗewar tsufa, sai a daɗe ba a kai shi asibiti ba. Alhali akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Kaduna da Kware da Maiduguri da Dawanau, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Nijeriya a farkon shekarar 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi haƙƙin majinyaci na samun kulawa cikin mutunci. Gano ciwon da wuri da samun magani a kai a kai sun fi kowace fitila gaggawa.

Kammalawa

Abin da ake buƙata daga masu bincike a bayyane yake: gwaji a kan ɗaruruwan majinyata, a cibiyoyi daban-daban, wanda masu hannu a sayar da na'urar ba su ne za su yanke hukuncinsa ba, fitilar bogi da za ta yi ɗumi kamar ta gaske domin kada majinyaci ya gane rukuninsa, mutane masu launin fata iri-iri, bibiya ta shekara ɗaya ko fiye, da kuma awon abin da ya shafi rayuwa, kamar shan magani a kan lokaci da iya riƙe harkar gida. Idan hasken ya tsallake wannan jarrabawa, zai zama alheri babba ga tsofaffin da jikinsu ba ya ɗaukar ƙarin ƙwayoyi, kuma ya cancanci a karɓe shi hannu biyu. Kafin nan, wurinsa shi ne ɗakin bincike, a ƙarƙashin kulawar likita da yardar majinyaci. Iyalin da aka kawo wa tallar hular haske su tambayi mai tallar mutum nawa aka gwada, tsawon wane lokaci, kuma wace hukuma ce ta amince da ita domin wannan ciwo, sannan su kai maganar gaban likitan da ke duba tsohonsu kafin su fitar da ko kwabo.